Rairayin Gaskiya, Labarin Ƙarya: Fim ɗin Jacques Feyder na 1921 da Ƙasar Abzin

A shekarar 1920 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Jacques Feyder, wanda a lokacin bai wuce shekara 35 ba kuma ba a san shi sosai ba ko a cikin 'yan sana'arsa, ya kwashi 'yan wasa da masu ɗaukar hoto ya tsallaka teku da su zuwa Aljeriya. Wata takwas suka yi suna aiki a can, a kewayen Tugurt da duwatsun Aures da gaɓar teku ta Jijel, sauran kuma suka ƙarasa a wani ɗakin ɗaukar hoto na wucin gadi da aka kafa a Babul Wad, gefen birnin Aljaz. Abin da suka dawo da shi fim ne mai tsawon kusan awa uku, marar magana kamar duk finafinan zamanin, sunansa L'Atlantide. Ya ci kuɗi kusan faran miliyan 2, adadin da ya tsorata masu zuba kuɗin fim ɗin har sai da wani attajirin silima, Louis Aubert, ya yi ƙundunbala ya karɓe shi. Da ya fito a 1921 sai da ya shekara ana nuna shi a gidan silima guda a Faris, ba a sauke ba. Daga nan sunan Feyder ya tashi. Ya yi Crainquebille da Visages d'enfants, aka kira shi Amurka ya ba da umarni a fim ɗin ƙarshe marar magana na Greta Garbo a 1929, sannan ya koma Faransa ya yi La Kermesse héroïque a 1935, wanda har yau ake koyar da shi a makarantun fim.

Mai karatu a Arlit ko Akokan ko ƙauyukan Dannet zai iya cewa ina ruwansa da wannan tsohon labari. Ruwansa babba ne. Wannan fim na cikin na farko da suka nuna wa miliyoyin Turawa hamada da idonsu, suka kuma koya musu yadda za su dube ta. Ra'ayina shi ne, abin da ya sa fim ɗin ya yi fice, wato ɗaukarsa a hamada ta ainihi, shi ne kuma abin da ya sa ya yi ɓarna, domin gaskiyar rairayin ita ta tsaya wa ƙaryar labarin shaida.

Sai a fara da yadda fim marar magana yake aiki, don wanda bai taɓa gani ba. Tun daga ranar 28 ga Disamba 1895 da 'yan uwan nan biyu, su Lumière, suka fara nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a Faris, har zuwa wajen 1927, na'urar ɗaukar hoto ba ta haɗa hoto da murya. Ɗan wasa yana motsa baki, yana magana da ido da hannu, sai a katse hoton a nuna allo mai rubutu ɗauke da abin da ya ce ko bayanin abin da ke faruwa. A cikin zauren kuma akwai makaɗa da ke bin hoton da kiɗa. Ke nan a irin wannan fim ba wanda yake da murya sai wanda mai ba da umarni ya ga dama ya rubuta masa allo, kuma kalmomin da ke kan allon ma ba nasa ba ne. Wannan batu zai dawo nan gaba.

Labarin kuwa an ɗauko shi ne daga littafin Pierre Benoit wanda ya fito a 1919 ya kuma ci wata babbar kyautar adabi ta Faransa a shekarar. Hafsoshin sojan Faransa biyu, Morhange da Saint-Avit, sun kutsa cikin hamada suna bincike. Suka ceci wani Ba'abzine, Cegheir ben Cheikh, daga ambaliyar kwari, shi kuma ya saka musu da yaudara: ya ja su cikin wani kogo, ya bugar da su da hayaƙi, suka farka a wata fada da ke ɓoye a tsakiyar duwatsun Ahaggar. Mai fadar sarauniya ce, Antinéa, wadda aka ce jikar sarakunan wata tsohuwar daula ce da ta ɓace. Aikinta ta sa a kamo mata mazan Turawa, ta aure su na ɗan lokaci, in ta gaji da su su mutu da baƙin ciki, sai a shafe gawarsu da wani ƙarfe mai daraja a jera a ɗaki, kowa da lambarsa. Morhange ya ƙi ta, ta zuga Saint-Avit ya kashe abokinsa da guduma. Saint-Avit ya gudu tare da wata baiwa, Tanit-Zerga, 'yar sarautar Gawo, ta mutu a hanya da ƙishirwa. Shi kuma bayan ya tsira ya kasa zama, ya koma neman matar da ya san ita ce ajalinsa.

Dole a ba Feyder haƙƙinsa. Abin da aka saba a lokacin shi ne a nemi wani fili mai yashi kusa da gari, a kafa bishiyar dabino ta katako, a ce ga Sahara. A wannan shekara ta 1921 Amurkawa suka fitar da The Sheik, fim ɗin da ya ɗaukaka Rudolph Valentino, kuma hamadarsa ba ta wuce jihar Kalifoniya ba. Feyder ya ƙi wannan hanya mai sauƙi. Ya san yadda ake ajiye mutum ɗan mitsitsi a ƙasan hoto a bar sarari ya danne shi, ya san yadda ake barin ayarin raƙuma ya ratsa hoto a hankali ba a yanke ba, har mai kallo ya ji nisan tafiyar a jikinsa. Wurin da Saint-Avit da Tanit-Zerga suke jan ƙafa bayan raƙuminsu ya mutu, rijiyar da suka dogara da ita kuma ta ƙafe, har yau yana kama zuciya. Wani mai sharhin fim na zamanin, Louis Delluc, ya yi wata magana da ta bi fim ɗin har yau, cewa babban ɗan wasa guda ne a cikinsa, shi ne rairayi. Rabin maganar yabo ne, rabi kuma ba'a ce ga 'yar wasan da ta fito a matsayin sarauniyar, Stacia Napierkowska, wadda 'yan kallo da yawa suka kasa gane abin da zai sa namiji ya mutu dominta.

To amma a duba abin da wannan rairayi na ainihi ya lulluɓe. Da farko, ko wurin ma ba shi ba ne. Tsakanin Tugurt da Ahaggar akwai fiye da kilomita 1,000, kuma duk wanda ya san ƙasar Abzinawa ya san duwatsu ce da kwaruruka da rijiyoyi da makiyaya, ba tulin yashi marar iyaka ba. Ɗan kallo a Faris bai san wannan ba; ya ga yashi na gaske, ya ga raƙumi na gaske, sai ya ɗauka sauran ma gaskiya ne. Na biyu, su wa aka ba matsayi? Sarauniyar Ahaggar Baturiya ce ta fito, 'yar sarkin Gawo ma Bafaranshiya ce, Marie-Louise Iribe. Mutumin ƙasar da ya samu babban matsayi shi ne Abd-el-Kader Ben Ali, kuma abin da aka ba shi shi ne maci amana. Sauran masu rawani da amawali dogarai ne da ke tsaye a bakin ƙofa, ko inuwa a kan raƙumi. Ba ka ganin mace tana tatsar akuya, ba ka ganin malami da allo, ba ka ganin maƙeri, ba ka ganin madugu yana lissafin kantu nawa zai kai Kano daga Bilma. Abin da ya fi ban mamaki shi ne yadda labarin ya bi da wayewar hamada. Da ya ga akwai rubutun tifinag a kan duwatsu, akwai kuma labarin Tin Hinan, uwar da Abzinawan Ahaggar suke jingina asalinsu gare ta, sai ya kasa yarda cewa wannan na mutanen wurin ne. Sai da ya ɗauko wata daula da tsofaffin Girkawa suka ba da labarinta ya danƙa mata, a kan cewa duk abin ƙima da ke cikin hamada daga wani wuri ya zo, kuma Bature ne zai gane shi.

Yanzu a ajiye wannan labari gefen abin da ya faru a Abzin shekara uku kacal kafin a fara ɗaukar fim ɗin. A watan Disamba na 1916 Kawusan, ɗan ƙabilar Ikazkazan, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, bai saki ba sai a farkon Maris na 1917 da rundunar ceto ta iso daga Damagaram, Ingilishi kuma suna taimaka wa Faransa daga Nijeriya. A farkon wannan Disamba ne kuma aka kashe wani malamin addinin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, a Tamanrasset, tsakiyar Ahaggar. Ramuwar Faransa da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane fiye da ɗari a Agadas da Ingal, cikinsu har da malamai, an kwashe dabbobi, an tilasta wa jama'a barin duwatsu, da yawa suka gangara Damargu da ƙasar Kano. An rataye Kawusan a Murzuk a 1919. Tagama ya mutu a kurkuku a 1920, shekarar da Feyder yake can yana ɗaukar hoto. Baturen Ingila Francis Rodd da ya zaga Abzin a 1922 ya tarar da garuruwa kango. Ke nan a lokacin da 'yan kallo suke kuka don wani hafsan Faransa da mace ta yaudara a hamadar da ba kowa, wani yanki na hamadar ya zama ba kowa ne saboda aikin hafsoshin Faransa. Fim ɗin ya juya lamarin baibai, mai bindiga ya zama abin tausayi, mai ƙasa ya zama abin tsoro.

Akwai masu cewa wannan tsanantawa ce, fim ɗin tatsuniya ce kawai, kuma ba wanda ke zuwa wajen Gizo da Ƙoƙi neman tarihi. Maganar tana da ƙarfi, amma tatsuniya tana sanar da kanta tun daga "ga ta nan ga ta nanku", mai sauraro ya san inda aka sa gaba. Shi kuwa wannan fim da sunan gaskiya aka tallata shi: an je hamada, an sha zafi, an kashe miliyoyi. Labarin ma ya jingina kansa da abin da ya faru, domin a littafin an ɗora wa Cegheir ben Cheikh hannu a kisan ayarin wani hafsan Faransa, Kanar Flatters, a 1881, abin da kowane ɗan makaranta a Faransa ya sani. Tasirinsa kuma bai tsaya a zauren silima ba. Lokacin da wani mai tonon kayan tarihi, Byron Khun de Prorok, da abokan tafiyarsa suka buɗe kabarin Abalessa da ke Ahaggar a 1925 suka fito da ƙasusuwan wata mace da mundayen zinariya da azurfa, wadda ake cewa Tin Hinan ce, jama'ar Turai sun karɓi labarin ne da Antinéa a ransu. Aka kwashe ƙasusuwan daga inda suka kwanta ɗaruruwan shekaru, suka ƙare a gidan tarihi na Bardo da ke Aljaz.

Wasu kuma za su ce ai fim ne marar magana, kowa bebe ne a ciki, Bature da Ba'abzine, don haka ba adalci ba ne a zargi Feyder da rufe bakin wani. A nan ne batun allo ya dawo. Hafsoshin biyu suna da dogon bayani a rubuce, muna sanin tunaninsu da nadamarsu, labarin ma gaba ɗaya daga bakin Saint-Avit yake fitowa. Rashin na'urar murya bai hana su magana ba. Hujja mafi ƙarfi kuma daga Nijar take. Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauki Jaguar a 1954 da ƙaramar kyamara wadda ita ma ba ta ɗaukar murya, amma daga baya ya zaunar da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia gaban hoton, suka yi ta sharhi da raha a kan tafiyarsu zuwa Gwalkwas, muryarsu ta zama ita ce fim ɗin. Haka ya yi da Oumarou Ganda a Moi, un noir na 1958. Rouch ya koyi wannan darasi ne da ciwo, domin fim ɗinsa na farko kan masu farautar dorina a kogin Kwara, wanda ya fito a 1947, kamfanin da ya saya ya sake jera shi ya ɗora masa sharhi irin na "baƙar Afirka mai ban tsoro". Gaskiya ne a 1920 Feyder ba shi da kayan da Rouch ya samu, amma alli da allo yana da su, kuma shi ya zaɓi wanda zai rubuta wa.

Ƙorafi na uku shi ya fi wuyar amsawa, cewa ba a auna mutumin 1921 da mudun yau. Na yarda da wannan har wani matsayi. Feyder ba ɗan siyasa ba ne, ba kuma mugu ba ne; a Crainquebille ya nuna tausayi ga talaka mai tallar kayan miya da 'yan sanda da kotu suka zalunta, a Visages d'enfants ya shiga zuciyar yaro maraya da ƙwarewar da ba kasafai ake samu ba. Sai dai wannan ya ƙara nauyin tambayar ne. Mutumin da ya iya ganin talakan Faris ciki da bai, me ya hana shi ganin mutanen da ya zauna cikinsu wata takwas? Amsar ita ce ba shi kaɗai ba ne, idon zamaninsa ne gaba ɗaya. A 1926 Léon Poirier ya fitar da La Croisière noire, hoton ayarin motocin Citroën da ya ratsa ta Yamai da Damagaram zuwa Tafkin Chadi, inda mota ce jaruma mutane kuma abin kallo a gefen hanya. A shekarar kuma Geoffrey Barkas ya yi Palaver a tsaunukan Filato, rikicin wani jami'in mulki da wani Baturen haƙar kuza, mutanen ƙasar suna tsakiya ana juya su. Ba hukunta matacce ake nema ba. Abin nema shi ne a gane wannan ido, domin bai mutu tare da masu shi ba.

Ba zan ce fim ne ya haƙa rami a Arlit ba. Wanda ya faɗi haka ya wuce gona da iri. Bayan an gano yuraniyom a Azelik a 1957, buƙatar makamashi da ta makami ce ta sa aka kafa kamfanin haƙar ma'adinin, Somaïr, a 1968, aka gina garin Arlit a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971, kamfanin Cominak ya biyo baya a Akokan har ya rufe a ƙarshen Maris na 2021. Abin da nake cewa shi ne, yana da sauƙi a yanke hukunci a kan ƙasar da aka riga aka saba ganinta a matsayin fili marar mai shi wanda dukiya ke ɓoye a ƙarƙashinsa. Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, sannan daga 1961 zuwa 1966 ta ci gaba da gwaji a cikin dutse a In Ekker, a yankin Ahaggar ɗin nan da aka ce fadar Antinéa take. Ranar 1 ga Mayu 1962 ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya fasa dutsen, ƙura mai guba ta fita sarari. Abin dariya mai ciwo, a 1961 an sake yin fim ɗin L'Atlantide, a wannan karon aka sa fadar sarauniyar a ƙarƙashin filin gwajin bam. A ƙaramar hukumar Dannet kuma akwai Imuraren, ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar yuraniyom a duniya, wanda aka gano a 1966, aka ba kamfanin Faransa lasisi a 2009, aikin ya tsaya bayan 'yan shekaru, gwamnatin Nijar ta janye lasisin a watan Yuni na 2024. A duk wannan kai-komo, lissafin da ake ji a labarai na tan-tan ɗin ma'adini ne da farashinsa, ba kasafai ake jin na rijiyoyi da wuraren kiwon da ke saman ƙasar ba. Kuma wannan mantuwa ba ta Bature kaɗai ba ce. Mai zama a ofis a Yamai ma yana iya kallon taswirar arewa ya ga babu kowa.

Mutanen wannan ƙasa kuwa sun riga kyamara iya zana kansu. A Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. Da kyamara ta zo hannunsu ma ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda ya yi wa finafinan kaboyi na Amurka ba'a, ya kuma nuna abin da hoton baƙo yake yi wa tunanin samari. Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar bikin Fespaco ta farko a Wagadugu a 1972. Idrissou Mora-Kpaï, ɗan Benin, ya yi Arlit, deuxième Paris a 2005, ya bar tsofaffin ma'aikata da masu neman ƙetarawa arewa suka faɗi abin da ke ransu. Amina Weira, wadda mahaifinta tsohon ma'aikacin ma'adinin ne, ta yi La Colère dans le vent a 2016 kan ƙura da iskar garin. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya samu ko kusa da jama'ar da fim ɗin Feyder ya samu a zamaninsa.

Shawarata ita ce kada a jefar da L'Atlantide, kada kuma a bar shi ga malaman jami'ar Turai kaɗai. An gyara tsohon kwafinsa, ana samunsa. Kasancewarsa marar magana ma dama ce, domin ƙasar Hausa ta daɗe da sanin mai bayani a gefen allo, tun zamanin motar majigi har zuwa masu fassara finafinan Indiya na yau. Malaman tarihi a makarantun Arlit da Agadas, da ɗaliban jami'ar Agadas, da ƙungiyoyin matasa na Dannet, su nemi fim ɗin su haska shi, wani ya karanta allunan da Hausa da Tamajak, a tsayar da hoton duk inda mai rawani ya bayyana a tambayi dattawan da ke wurin abin da ya kamata a ce an rubuta masa. Bayan an gama a sa fim ɗin Amina Weira a daren, a bar jama'a su kwatanta da kansu.